Rana Mafi Tsawo a Madagaska: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙarshen Disamba, lokacin da mutumin Kano ko Damagaram yake shafa man kaɗanya saboda hunturu, mutumin Madagaska yana tsakiyar zafi da ruwan sama da tsawa. A makon ne yininsa ya fi tsawo a duk shekara. Ga amsoshin abin da mai karatu zai so sani game da wannan rana, da matsayinta a wurin Malagasi, wato mutanen tsibirin.

Yaushe ne yini ya fi tsawo a Madagaska?

Ranar 21 ko 22 ga Disamba. Tsibirin gaba ɗayansa yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, daga wajen digiri 12 zuwa digiri 25 da ɗoriya, saboda haka lokutan shekararsu kishiyar namu ne. Ranar da yininmu ya fi gajarta ita ce ranar da nasu ya fi tsawo, a watan Yuni kuma sai abin ya juya.

Bambancin ba mai yawa ba ne. A Antananarivo, babban birnin ƙasar, yinin Disamba sa'a 13 ne da 'yan mintoci, na Yuni kuwa wajen sa'a 11. Sa'a biyu ke nan tsakaninsu. Wanda ya kwatanta da arewacin Turai, inda a wasu wurare rana ba ta faɗuwa sam a watan Yuni bayan an sha duhun watanni, zai gane dalilin da ya sa mutanen can suke kunna wuta suna rawa, manomin Madagaska kuwa yake wucewa gonarsa.

To, suna yi wa ranar biki?

A'a. Babu hutun gwamnati a ranar, kuma manyan bukukuwan gargajiyar tsibirin ba a ɗaure su da ita ba. Jinjirin wata, girbin shinkafa da umarnin sarki, su ne suka saba tsayar wa Malagasi ranar biki. Ranar biki kuwa ba a sa ta sai an tuntuɓi mpanandro, mai lissafin kwanaki, wanda aikinsa ya faɗi wace rana ce ta dace da wane al'amari.

Amma wanda ya tsaya a nan ya yi gaggawa. Wannan rana tana nan a cikin lissafinsu, a ɓoye cikin sunan wani wata da kuma wata kusurwa ta ɗaki, sai dai yawancin masu faɗin sunan ba rana suke tunawa ba. Za mu zo kansa.

Me mutane suke ciki a ƙarshen Disamba?

Aiki da jira. Mutanen tsaunukan tsakiyar ƙasar sun kasa shekara gida huɗu. Akwai lohataona, ma'anarsa kan shekara, daga wajen Satumba, lokacin da ake gyaran gona da yayyafin farko. Sai fahavaratra, lokacin tsawa, domin varatra ita ce aradu. Sai fararano, ƙarshen ruwa, wato kaka. Sai ririnina, lokacin sanyi da rani. Rana mafi tsawo tana faɗowa cikin fahavaratra, sa'ad da mata suke sunkuye cikin fadamu suna dashen shinkafa, ko ana ciran ciyawa a inda aka riga aka dasa.

Lokaci ne na ƙunci a ƙauye. Rumbu ya yi ƙasa, babban girbi sai Afrilu da Mayu, shinkafa ta yi tsada a kasuwa. Suna kiran wannan tsakani maitso ahitra, wato ciyawa ta yi kore. Duk wanda ya yi damina a karkararmu ya san wannan yanayi na watan Agusta: ko'ina shar, amma tukunya ba ta cika, ana haɗawa da rogo da dankali. Wasu manoman filayen da ke kewaye da Antananarivo suna samun sauƙi da vary aloha, shinkafar gaba, wadda ake shukawa da wuri a girbe ta tun damina ba ta yi nisa ba.

A gabar gabas, wajen Toamasina, lokacin lici ne, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu zaƙi. Daga tsakiyar Nuwamba ake tsinkarsu ana loda wa jiragen ruwa don su isa kasuwannin Turai kafin Kirsimeti. Kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ce, wadda ta fi tsanani daga Janairu. Bikin da yake cika coci da gidaje a wannan mako shi ne Krismasy, sai sabuwar shekarar Janairu, inda ake gaisawa da "Arahaba tratry ny taona", kamar mu ce barka da ganin sabuwar shekara, a amsa da "Samy tratry ny ho avy", wato Allah ya kai mu ta baɗi baki ɗaya.

Gaskiya ne sunayen kwanakinsu irin namu ne?

Karanta ka ji: Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma, Sabotsy. Bahaushe ba ya bukatar tafinta. Lahadi ce da Litinin da Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a da Asabar, rijiya ɗaya muka ɗebo, wato Larabci. Talata ma ko wasali ɗaya bai canja ba. Tsohuwar babbar kasuwar Antananarivo sunanta Zoma, saboda a da ranar Juma'a take cika, kamar yadda garuruwanmu suke da kasuwar Laraba ko ta Lahadi.

Abin ya fi ban mamaki idan aka tuna cewa harshen Malagasi ba ɗan'uwan harsunan Afirka ba ne. Danginsa na kusa suna tsibirin Borniyo, can kudu maso gabashin Asiya, musamman harshen mutanen Ma'anyan.

Watanninsu goma sha biyu kuma sunayen burujai ne na Larabawa, waɗanda malaman hisabi na ƙasar Hausa suka sani sarai. Alahamady shi ne Hamal, ɗan rago. Adaoro Saur ne, Adizaoza Jauza, Asorotany Saratan, Alahasaty Asad, Asombola Sumbula, Adimizana Mizan, Alakarabo Aƙrab, Alakaosy Ƙaus, Adijady Jadyi, Adalo Dalwu, Alohotsy kuma Hut. A nan ne batunmu yake. A ilimin burujai, ranar da rana take shiga burujin Jadyi ita ce 21 ko 22 ga Disamba. Adijady, wata na goma, sunan ranar da muke magana a kanta yake ɗauke da shi.

Ta yaya Larabci ya isa can?

Ta teku. Fatake Musulmi sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin gabar Afirka ta gabas, tsibiran Komoros da arewacin Madagaska. Wasu zuri'o'in da suke danganta asalinsu da Makka suka zauna a kudu maso gabas, a bakin kogin Matitanana, wajen garin Vohipeno. Su ne Antemoro. Sun riƙe rubutun Malagasi da haruffan Larabci, wanda suke kira sorabe, babban rubutu, ajaminsu ke nan. Marubutansu katibo ake ce musu, takardarsu kuma da ɓawon wani itace mai suna avoha suke yin ta. Abin da littattafan suka ƙunsa ya haɗa da tarihin zuri'a, magani, da lissafin taurari da kwanaki.

Masanan Antemoro sun yi ta yawo fada-fada suna yi wa sarakuna aiki. Sarki Andrianampoinimerina, wanda ya haɗa kan ƙasar Imerina ta tsaunukan tsakiyar tsibirin ya rasu a 1810, ya gayyato su fadarsa, ɗansa Radama na Ɗaya kuma ya koyi sorabe a hannunsu kafin ya zaɓi haruffan boko a 1823. Har bugun ƙasa suna da shi, sikidy, da 'ya'yan itace ake jera shi, asalinsa kuma ilimin ramli ne na Larabawa. Malamanmu da yawa sun yi hani da irin wannan duba, kuma limaman cocin Madagaska ma sun daɗe suna yaƙi da shi. Bai hana mutum ya fito coci ranar Lahadi ya je wurin mpanandro ranar Litinin don a tsayar masa da ranar aza harsashin gida ba.

Mece ce alaƙar kusurwar ɗaki da wannan lissafi?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Gidan gargajiya na tsaunukan Imerina mai kusurwa huɗu ne, tsawonsa daga arewa zuwa kudu. Ƙofa da taga suna bangon yamma, gabas a rufe, domin daga kudu maso gabas iska mai sanyi take busowa lokacin ririnina. Sai aka ɗauki watannin nan goma sha biyu aka jera su a jikin bangon, aka mai da ɗakin kalanda.

Kusurwa huɗun su ne manya. Arewa maso gabas ta Alahamady ce, kudu maso gabas Asorotany, kudu maso yamma Adimizana, arewa maso yamma Adijady. Sauran takwas ɗin an raba su bibbiyu a kowane bango. Kowane ɗaya vintana ne, wato rabon da lokacin haihuwa yake ɗora wa mutum, waɗannan huɗun kuma ana kiransu renivintana, uwayen rabo. A cikin kowane wata ma haka ake zagayawa: uwa tana cin kwana uku, sauran kwana bibbiyu, ka haɗa ka sami 28. Manomin da ya taɓa jin malami yana lissafa manzilolin wata 28 don a san lokacin shuka ya san daga inda adadin ya fito.

Yanzu dubi uwayen nan huɗu da kyau. Hamal, Saratan, Mizan, Jadyi. Su ne burujai huɗun da shekarar rana take juyawa a kansu: daidaituwar dare da yini ta Maris, juyawar rana ta Yuni, daidaituwar Satumba, juyawar rana ta Disamba. Ashe ginshiƙan ɗakin Bamalagashe mahaɗan shekarar rana ne. Ranar da ba a yi mata biki tana da kusurwa guda a cikin kowane ɗaki.

Ba a daidaita darajarsu ba. Kusurwar Alahamady ita ce ta kakanni, zoro firarazana, can ake fuskanta a yi roƙo, can ake zuba 'yar giya ko a ajiye zuma da kason farko na sabuwar shinkafa. Gefen arewa na girma ne: baƙo mai daraja arewa da murhu ake zaunar da shi, wurin da suke kira avara-patana. Kudu kuwa wurin turmi ne da kaji. Saboda haka inda aka nuna maka ka zauna ya riga ya gaya maka matsayinka kafin a buɗe baki.

In haka ne, me ya sa watan Adijady bai zama watan bikin rana ba?

Saboda an ɗauki sunayen shekarar rana aka liƙa wa watannin sama. A lissafin fadar Imerina wata goma sha biyu ne na jinjirin wata, kwana 354, kamar shekarar Hijira. Kowace shekara lissafin yana ja baya da kwana 11, yadda azumi yake zagayawa daga zafi zuwa damina zuwa hunturu. In Adijady na bana ya faɗo Disamba, bayan shekara goma sha shida yana Yuni. Suna ya rabu da abin da aka raɗa masa.

Akwai kuma batun wuri. Ilimin burujan a arewacin duniya aka tsara shi, inda Hamal yake nufin farkon tsirowar ganye. A Madagaska watan Maris ƙarshen damina ne. Har a cikin ɗaki ma abin bai zauna daidai ba: a Disamba rana kudu maso yamma take faɗuwa a can, ba wajen kusurwar Adijady ba.

Ga manomi wannan bai zama matsala ba, domin ba da waɗannan watanni yake shuka ba. Yana duban itatuwa. Akwai wani ɗan itace mai suna ambiaty, in ya yi fure an san lokacin zuba irin babbar shinkafa ya yi, shi ya sa ake kiranta vary vakiambiaty. A yankuna da dama na kudu da gaɓar teku kuma akwai wani tsohon jerin sunayen watanni mai bin yanayi, irin su Volambita, Asaramanitra da Hatsiha, waɗanda asalin yawancinsu daga harshen Sanskirit na Indiya ne.

To wane biki ne ya tsaya a matsayin babban bikin shekara?

A zamanin sarauta, Fandroana, wankan sarki, a farkon watan Alahamady. Ana danganta kafa shi da Sarki Ralambo, wanda ya yi mulki daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17. Kafin ranar akan hana yanka dabbobi na wasu kwanaki, mutane su koma garuruwansu, a yi sulhu tsakanin masu gaba, a tuna da waɗanda suka rasu a shekarar. Da dare yara su fito da wutar ciyawa suna kaɗawa. Sarki ya shiga bayan labule a kusurwar arewa maso gabas ta fada ya yi wanka, ya fito ya yayyafa wa jama'a ruwan, talakawa kuma su miƙa hasina, tsabar azurfa guda ba a gutsure ta ba, alamar mubaya'a.

Sai ci. Ana dafa shinkafa da madara da zuma, a ɗora kaɗan a ka ana sa wa juna albarka, sunanta tatao. Ana fito da jaka, naman sa da aka soya aka adana cikin kitse tun bikin bara, a ci tare da na bana. Washegari a yanka shanu a yi ta aika wa dangi nama, kamar rabon naman layya.

Da yake wata yake bi, Fandroana ya zagaya dukan lokutan shekara. Sarauniya Ranavalona ta Uku ce ta tsayar da shi wuri ɗaya, 22 ga Nuwamba, ranar haihuwarta kuma ranar da aka naɗa ta a 1883. Bai daɗe a haka ba. Faransa ta ci Antananarivo a 1895, Janar Gallieni ya kori sarauniyar a 1897, aka soke bikin aka ce a riƙa yin na 14 ga Yuli irin na Faransa. Ita kuwa a Aljiyas ta rasu a 1917.

Yau ana yin wani abu makamancinsa?

Ana yi. Ƙungiyoyin raya al'ada da zuri'ar sarakuna sun farfaɗo da sabuwar shekarar gargajiya, Taom-baovao Malagasy, wadda ake kira Alahamady Be. Mafi yawa suna yin ta ne da tsayuwar watan da ya fi kusa da daidaituwar dare da yini ta Maris. Ana kunna afo tsy maty, wutar da ba ta mutuwa, a kai ta wuri-wuri, a yayyafa ruwan albarka, a ci tatao. Tudun Ambohimanga, tsohuwar fadar da ke arewa maso gabashin babban birnin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, yana cikin manyan wuraren taron.

Ba kowa ya yarda da Maris ba. Wasu sun ce kan shekara na gaskiya lohataona ne, sunan ma ya faɗa, don haka Satumba suke yin tasu. Gardamar tana tashi kusan duk shekara, kuma mu da muka saba da jayayyar ganin wata ba mu da bakin yi musu dariya. Abin lura shi ne, duka ɓangarorin biyu daidaituwar dare da yini suke kewayawa, babu mai neman Disamba. Amma a lissafin masu farawa da Maris, wata na goma, Adijady, yana komawa wajen Disamba, inda sunansa ya fito.

Fitilun da yara suke yawo da su a watan Yuni fa? Ba na juyawar rana ba ne?

Dacewa ce kawai. Madagaska ta sami 'yancin kai ranar 26 ga Yuni 1960, kuma a daren 25 ga wata yara suna fita da arendrina, fitilun takarda masu launi. Al'adar daga wutar daren Fandroana aka gado ta, aka mayar da ita bikin ƙasa. Ya zo kwana huɗu ko biyar bayan dare mafi tsawo a can, cikin sanyin da a garin Antsirabe har raɓa takan daskare da asuba.

Me ya sa manyan bukukuwan kakanni ba sa zuwa a Disamba?

Ruwa da aljihu. Famadihana, inda dangi suke buɗe kabarin zuri'a su sake naɗe ƙasusuwan magabata da sabon mayafi ana kiɗa, daga Yuli zuwa Satumba ake yin sa: an yi girbi, akwai abin ciyar da ɗaruruwan baƙi, hanya ta bushe. Kaciyar yara maza ma lokacin sanyi ake yi don ciwo ya warke da wuri, dabarar da wanzamanmu suka sani. Haka Fitampoha na mutanen Sakalava na yammacin tsibirin, wankan kayan tarihin sarakunan Menabe a kogin Tsiribihina, cikin rani yake zuwa.

Ana cewa akwai watan da ake tsoron a haifi yaro a cikinsa?

Alakaosy, wanda Adijady yake bi masa. Ana ganin rabonsa ya yi ƙarfi da yawa, mai shi ko ya zama babba ko ya cutar da iyayensa. A da akan ajiye irin wannan jariri a ƙofar garke a kora shanu, in ya tsira a raine shi. Labarin Rainilaiarivony sananne ne: an haife shi a 1828 a ranar da aka ce ba ta da kyau, aka yanke masa gaɓar yatsu biyu don a karya abin, ya tashi ba a damu da shi ba. Shi ne ya zama firaminista daga 1864 zuwa 1895, ya auri sarauniya uku a jere. Masu imani da vintana suna kafa hujja da shi, masu ƙaryatawa ma da shi suke kafawa.

Da can yaya suke sanin lokaci da rana?

Da ɗakin nan dai. Rana sunanta masoandro, idon yini. Da yake ƙofa yamma take kallo, haske ba ya shiga sai rana ta karkata, daga nan inda ya kai shi ne agogo. Tsakar rana ita ce mitatao vovonana, rana ta hau kan ƙundun rufi. In ta fara leƙowa ta ƙofa, mitsidika andro, yini ya leƙo. In hasken ya kai wurin turmi an ce am-pitotoam-bary, wurin dakan shinkafa. Na safe da dabbobi ake auna su: maneno sahona kukan kwaɗi, maneno akoho carar zakara, mivoaka omby fitar shanu. Mai hantsi da walaha da sassafe ba zai ji wannan baƙo ba. Matar da take daka a ƙofar ɗaki kullum ta san hasken Disamba da na Yuni ba ta gefe ɗaya suke shigowa ba, ko da ba ta ba abin suna ba.

Idan mutum yana son ya ga ranar da idonsa, ina zai tsaya?

Kusa da Toliara, a kudu maso yamma. Layin Jadyi, iyakar da rana take kaiwa a tafiyarta ta kudu kafin ta juyo, ya ratsa tsibirin 'yan kilomita kaɗan kudu da garin. A nan, ranar 21 ko 22 ga Disamba da tsakar rana, in ka kafa sanda a tsaye inuwarta a gindinta take tsayawa. A Antananarivo hakan yana faruwa sau biyu, tsakiyar Nuwamba da ƙarshen Janairu, kamar yadda a Kano yake faruwa wajen ƙarshen Afrilu da kuma Agusta.

Sai dai a shirya wa zafi. Yankin Toliara busasshe ne, ƙasar ƙaya da kuka, kuma hanyar RN7 daga babban birnin ta haura kilomita 900, a damina ta fi cin lokaci. Masuntan Vezo na gaɓar, in teku ta yi kyau, tun asuba suka fita da kwale-kwalensu masu filafilai, kafin inuwar sandar ta ɓace sun yi nisa.